Tausar Inna da Ƙafar Mai Gudu

'Yan'uwana mata, musamman ku 'yan makaranta masu shiga tseren gudu, kun san ciwon nan da ke kama cinya da sha-raɓa, ba ranar da aka yi gudun ba, sai washegari ko jibi, har sauka daga gado ya zama aiki? Ni dai na san shi, domin shekara uku ina yi wa gidanmu gudun mita 400 a wasannin makaranta a Ƙauran Namoda.

A ƙasarmu ta Zamfara ba baƙon abu ba ne a ga ɗan dambe ya fito daga fage bayan kaka, yaransa sun kewaye shi, wannan na murza masa dantse, wancan na danna masa kafaɗa. Shago da Ɗan Anace ya yi wa waƙa ma ai jiki gare shi irin na kowa. Amma 'ya mace in ta yi gudu ta dawo tana ɗingishi, abin da za ta ji shi ne, "Wa ya aike ki?"

Ban da kakata Inna, mutuniyar Shinkafi, Allah Ya jiƙanta. Ita shimfiɗa tabarma take yi ta ce, "Taho nan ɗiyata, miƙo ƙahwar." Ba ta murzawa da ƙarfi. Babban yatsa take ɗorawa a kan naman, ta danna a hankali, ta riƙe kamar ƙirga biyar, ta saki, ta matsa gaba, tun daga agara har bayan gwiwa. Wani lokaci da man kaɗanya, wani lokaci ta saman zanena kawai. Kafin ta gama barci ya kwashe ni.

Sai da na girma na ji ashe mutanen Japan suna da irin wannan tausa, suna kiranta shiyatsu, wato danna yatsa. Wani mutum mai suna Tokujiro Namikoshi ya buɗe mata makaranta a Tokyo a 1940, kuma ana yin ta mutum na sanye da tufafinsa. Ku ji fa, makaranta guda don abin da Inna ke yi a tsakar gida! Likitoci dai sun yarda tausa na rage tsamin jiki bayan gudu, amma ba ta ƙara wa kowa sauri. Wannan sai atisaye.

Inda nake so ku buɗe kunne shi ne nan. Inna ba ta taɓa kumburi. In ta ga idon sawu ya tashi, sai ta ɗauke hannu ta ce wannan ba nata ba ne. Wata ƙawata 'yar Zurmi, wadda ta fi mu gudu duka, ta gurɗe ƙafa a fili, aka tasa ta da ruwan zafi da murza a daren, wai don jini ya watse. Wayyo! Gari ya waye ƙafa ta zama kamar taɓarya, ashe akwai tsagewar ƙashi. Wata biyu tana jinya, ba ta sake shiga tsere ba.

Sabon targaɗe sanyi yake so. A naɗe ƙanƙara a tsumma a ɗora minti 15 zuwa 20, in babu a sa ruwan randa, a ɗaga ƙafar a kan matashi, a hutar da ita kwana biyu. In ba ki iya taka ta ko taku huɗu, ki roƙi Mama ta kai ki asibiti a ɗauki hoto kafin kowa ya sa mata hannu.