Rabon Naman Daji

A unguwar Hayin Banki, nama ya zama abin marmari a gidaje da yawa. Ko tsire sai an yi lissafi. Shi ya sa nake tuna al'adar mafarauta. In sun dawo daga farautar rani da karnukansu, ba duka naman ake sayarwa ba. Cinyar gada ko zomo guda, sai a rufe da faifai, yaro ya miƙa wa maƙwabciya mai marayu, ba surutu.

Yau 'yan bindiga sun hana shiga dazukan Birnin Gwari. Abin da ake samowa kaɗan ne, gafiya ko zabo. Duk da haka, malam maharbi, kafin ka nufi kasuwar Kawo ran Talata, cire wa marayun nan nasu.