Garantin Ba Ya Bin Kyamara

'Yan uwana mata, kalmar nan "garanti" daɗin ji gare ta, amma ba kowa take wa amfani ba. Kamfanonin kyamara irin su Nikon da Canon kan ba da shekara 1, ga wanda ya fara saye, sai kuma da rasit. Nikon ba ta yarda garanti ya koma ga mai saye na biyu ba. Canon a Amurka ta ɗan sassauta, ta haɗa da wanda aka saya wa kyauta. Sau da yawa ma garantin ƙasar da aka sayo kayan kaɗai yake aiki. Ruwa, yashi da faɗuwa kuwa, babu ruwansu.

Yayata bazawara ce, a nan Dangoma. Ta lura gidajen biki ba a barin maza masu hoto su shiga ciki, sai ta sayar da tumakinta biyu, ta haɗa da kuɗin adashe, ta sayi kyamara hannun wani ɗalibi a Kalgo. Ya rantse mata saura wata 7 garanti ya ƙare. Har kwali ya ba ta.

Biki uku ta yi, ranar kamun wata ƙawata abu ya ɗauke ɗif! Amarya ta sha lalle da kwalliya, ga mata sun jeru. Wayyo, kunyar da Yaya ta ji!

Mai gyara a Birnin Kebbi ya kwance ta, ya ce, "Hajiya, wagga ta sha ruwa, dubi tsatsa." Ashe yaron ya taɓa jiƙa ta a bikin kamun kifi na Argungu, ya shanya, ya yi shiru. Da muka same shi, ko kunya babu, wai mu bari ya mayar da ita da sunansa, ya ce haka kawai ta mutu. Tabɗijam! Ni dai ina ganin irinsu ne ke sa a riƙa tuhumar mai gaskiya in ya kai ƙorafi.

Yaya ta ce, "Ba da ni ba. Ba ni kuɗina."

Mai unguwa ya shiga tsakani, aka ba ta rabi. Yanzu da wayar ƙanenmu take ɗaukar amare, tana zubin sabon adashe.