Darussan ɗan haya a tsibirin Bermuda

Mai furfura a gemu bai kamata ya san sunayen bindigogin wasan waya ba, amma ni na sani, har da wadda ta fi jinkirin ɗura harsashi. Sana'a ce ta ja ni. Ina da rumfar cajin waya a Matameye, bakin hanyar da ta taso daga Damagaram ta nufi Ɗan Barto, kuma wanda ke riƙe wa samari wayoyi ba ya rasa leƙa abin da ke cinye musu batir. Abin shi ne Free Fire, wanda kamfanin Garena na Singafo ya fitar a Disamba 2017. Mutum 50 ake zubarwa daga jirgin sama a kan wani tsibiri na cikin wasan, kamar wanda ake kira Bermuda, a yi ta fafatawa kamar minti 10, wanda ya rage shi ne gwani. Ya samu shiga wajenmu ne domin ƙaramar waya ma tana ɗaukarsa. Kusan kowane wata biyu kuma ana sabunta shi, a laƙa wa sabuntawar OB da lamba. A waɗannan ranaku na yi yawancin karatuna.

1. Sanarwar da ba ka karanta ba tana nan tana aiki a kanka. A Disamba 2020 aka shigo da wani jarumi, Chrono, mai siffar Cristiano Ronaldo. A lokacin ƙarfinsa wata garkuwar haske ce da yake kafawa ta zagaye shi: harsashin abokin gaba ba ya shiga, naka kuwa yana fita. Ga mutum irina mai rawar hannu, wannan gata ne. Na sayi lu'ulu'un wasa da kuɗin da na ware don ruwan batir, na mallake shi, na yi ƴan watanni yara suna ce mini gwani. Cikin 2021 aka riƙa rage masa ƙarfi, sabuntawa bayan sabuntawa: garkuwar ta daina daɗewa, jiran sake kafa ta ya ƙaru, daga ƙarshe aka toshe ta ciki da waje. Duk an rubuta wannan dalla-dalla. Ni dai ban duba ba. Na shiga garkuwata ina ta ɓarin wuta a bangonta har ta baje, wani yaro ya kwantar da ni da harbi biyu. Ɗan ƙanwata ko kai bai ɗaga ba. “Kawu, ai tun jiya aka sanar.” Daga baya na fahimci dalilin masu wasan: in jarumi ɗaya ya fi kowa, duk jama'a za su koma kansa, wasa ya zama salo ɗaya. Amma ni ma ɗan kasuwa ne, na san sabon kaya ba ya tafiya sai tsohon ya ɗan dusashe.

2. Labarin da ya fi zaƙi, shi za ka fi tuhuma. Sanarwar gaskiya tana zuwa da Turanci ko Faransanci ko Larabci, ba ta zuwa da Hausa. Saboda haka a fadarmu labari yana biyo doguwar hanya: wani ya gani a YouTube, wani ya taƙaita a TikTok, wani ya yi muryar WhatsApp, kafin ya iso bakin butar shayi ya yi ƙiba. Akwai ma kafar gwaji da kamfanin ke buɗe wa ƴan kaɗan kafin kowace sabuntawa, kuma ba duk abin da aka gwada a can ne ke fitowa ba. Mu kuwa da mun ga hoto sai mu fara rantsuwa. Mafi muni shi ne saƙon nan na “lu'ulu'u kyauta saboda sabuwar sabuntawa, shigar da asusunka a nan”. Ni na tura shi zaurenmu na WhatsApp, da zuciya ɗaya, har da cewa a yi sauri kafin a rufe. Wani yaro mai sayar da rake ya yarda, domin babba ne ya turo. Da safe asusunsa ya zama na wani, da duk tufafin da ya tara. Bai ce mini komai ba, ya ci gaba da kawo wayarsa caji yana gaishe ni da “Baba, ina kwana”, wannan kuwa ya fi zagi ciwo. Yanzu ranar sabuntawa wani ɗan lise ne ke karanta mana sanarwar daga shafin wasan kansa, yana fassarawa, ni kuma ina yafe masa kuɗin caji.

3. Wasa kyauta ne, zama a cikinsa ne ke da tsada. Ba ka biyan ko dala don saukar da shi, amma kowace sabuntawa tana cin ɗaruruwan mega, kuma in ba ka yi ba ƙofa a rufe take. Sai ka ga samari sun tashi tsakar dare suna jiran forfen dare da rezo mai ƙarfi. Sannan ga wurin ajiya: wasan kullum ƙara nauyi yake, wayar kuwa tana nan yadda aka saye ta. Da aka fito da Free Fire Max a Satumba 2021, mai hoto tangaran, yawancin wayoyin da ke kwana a teburina kallo kawai suka yi. Ni kaina na goge hotunan wani biki don in samu wuri, kuma har yau uwargida tana zaton wayar ce ta lalace.

4. Tsibirin yana rataye ne a jikin wayar lantarki. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar a farkon Agusta, ba ta dawo da ita ba sai Maris 2024. Farantan sola biyu da nake da su suka mai da ni babban mutum. A lokacin na ga wanda ke zaɓe tsakanin ya kira ɗan'uwansa a Kano ko ya kare matsayinsa kafin kakar wasa ta ƙare a mai da kowa baya. Ba kullum kiran ke cin nasara ba, kuma ba ni da bakin yi wa kowa wa'azi.

5. Duk abin da ka tara a can, a gidan haya ka tara shi. Mai gida yana iya sauya ƙofa, ya rushe ɗaki, ko ya ce kowa ya kwashe, kuma a yarjejeniyar da muke danna wa “na amince” ba tare da karantawa ba an faɗi haka. A Fabrairu 2022 gwamnatin Indiya ta haramta Free Fire tare da wasu manhajoji 53, miliyoyin ƴan wasa suka wayi gari a waje. Apex Legends Mobile ya fito a Mayu 2022, aka rufe shi ranar 1 ga Mayu 2023, bai cika shekara ba, kuma ba a mayar wa kowa kuɗin da ya kashe a ciki ba. Tawa korar ta fi waɗannan rashin daraja. Asusun baƙo na riƙa wasa da shi, ban ɗaure shi da Facebook ko Google ba, duk da saƙon gargaɗin da ke fitowa ina share shi da babban yatsa. Wata ranar sabuntawa wuri ya ƙi isa, na ce bari in cire wasan gaba ɗaya in sake saukewa, dabarar da na yi alfahari da ita a gaban yara. Na dawo na tarar da kaina a rigar farko, ba Chrono, ba matsayi, ba ko hula. Ɗan ƙanwata ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya karɓi wayar ya buɗe mini sabon asusu ya ɗaure shi yadda ya kamata. Kalmar sirrin kuwa, tunda ya ce ba a ba Kawu amanar abin da ba a rubuta ba, ya rubuta ta a littafin bashin rumfa, daidai shafin da sunansa ya fi na kowa yawa.