Abin Da Ke Kashe Injin Babur

A gidaje da yawa na masu bi akwai tsohon babur jingine a zaure ko a bayan rumbu, kaji suna kwana a kansa. In ka tambaya, sai a ce maka tsufa ne ya kashe shi. Ni dai ban yarda da wannan magana ba, ya ku masu karatu, gama na buɗe irin wannan inji da hannuna, na ga abin da ke ciki. Ƙura ce da rashin juyen mai suke cinye ƙarfe tun kwanansa bai ƙare ba.

Namu Honda CG125 ne. Mahaifina ya saye shi a ƙarshen shekarun 1970, zamanin da babura suka cika garuruwa bayan ƙarin albashin Udoji na 1975. Da shi ya riƙa kai mai bishara ƙauyuka ran Lahadi, da shi kuma aka sha kai marasa lafiya asibiti da tsakar dare. Bayan rasuwarsa babur ɗin ya bi hannuwa da yawa cikin dangi, kowa ya hau, ba mai juye. Daga bisani ya fara shuɗin hayaƙi, ya kasa hawan tudu, ya tsaya.

Sa'ad da 'yan gwangwan suka taya shi a kan kuɗin ƙarfe, sai shawara ta rabu biyu a gidanmu. Uwargida ta ce, "Malam, kuɗin makarantar yara yana gabanmu, kada mu zuba ɗan abin hannunmu a rijiya gaba dubu." Gaskiyarta. Amma kuɗin acaɓa da nake biya kullum zuwa wurin aiki shi ma rijiya ne. Muka yi lissafi, muka yi addu'a, muka shirya a kan a buɗe injin tukuna: in karankishaf ya lalace a sayar, in yana da sauran rai a gyara.

Akwai dalilin da ya sa na sa rai ga wannan inji. A shekara ta 1974 kamfanin Honda ya aiki injiniyoyinsa ƙasashe kamar Tailan da Indunusiya da Pakistan su ga yadda talakawa suke riƙe babur. Suka tarar ana lafta masa kaya, ba a juya mai sai ya yi kauri kamar kunu, ba a kuwa kai shi gareji sai ya mutu. Domin haka suka ƙera CG125, wanda ya fito a 1975. Suka saukar da kamshaf, wato ƙarfen da ke buɗe bawul, zuwa ƙasa kusa da mai, da 'yan sanduna biyu masu kai motsin sama. Suka kuma sa masa matacin iska na soso wanda ake wankewa a mayar. Da yawa daga cikin baburan Sin da muke gani yau a hanya sun kwaikwayi wannan tsari ne. Amma ko jakin da ya fi kowane haƙuri, in ba a ba shi ruwa ba, faɗuwa zai yi.

Muka yi aikin a dogon hutu, ni da babban ɗana, a rumfar wani dattijon bakanike na ikkilisiyarmu. Doka ta fari da ya kafa mana ita ce tsari. Kowane noti da aka kwance yana da gurbinsa a faranti, kowace sanda a soke ta a kwali a rubuta wurinta. Ya ce, "Malam, mai gaggawar kwancewa shi ne mai kuka ranar ɗaurewa."

Ga abin da muka samu. Soson matacin iska ya ruɓe ya zama gari, saboda haka ƙurar hunturu ta shekaru tana shiga silinda kai tsaye. Ƙura da mai in sun gauraya, aikin dutsen wasa wuƙa suke yi. Sun cinye ringi, sun karce bangon silinda, mai ya riƙa hawa sama yana ƙonewa. Tushen shuɗin hayaƙin ke nan. A bayan murfin dama, a bakin karankishaf, akwai wani ɗan ƙoƙo mai juyawa wanda yake tace datti daga mai. Muka same shi cike da busasshiyar laka, sai da muka ƙwaƙule ta da tsinke. Baba bakanike ya riƙe kwanrod ya ja sama ya danna ƙasa, bai ji ko ɗan motsi ba. Ya yi murmushi ya ce, "Zuciyarsa lafiya lau." Ran nan na koma gida da labari mai daɗi.

Aka kai silinda wurin masu borin, aka faɗaɗa ta da rabin milimita, muka sayi fistin da ringi na awon 0.50 daidai da ita. A nan kada a bi araha, gama araha ba ta ado. Wajen sa ringi, ba a barin bakunansu su yi layi ɗaya, don kada iska ta sami hanyar sulalewa. Ɗana ne ya goge bawul, yana murza sanda tsakanin tafukansa kamar mai burga miya, har muka zuba kananzir ta baya bai ɗiga ba. Muka sa sabon gaskit, muka ɗaure notunan kai kaɗan kaɗan, wannan sa'an nan na kusurwar da ke fuskantarsa, don kada ƙarfe ya karkace. Tafet muka saita a milimita 0.08, inji yana sanyi. Bakin fulogi kuwa 0.6 zuwa 0.7. A kik na uku ya tashi.

Sabon gyara yana son lallashi. Kilomita 500 na fari ban matsa masa ba, ban kuma yi goyo mai nauyi ba. Da na juye man, sai ga 'yan ƙyalƙyalin ƙarfe a ciki, alamar ringi sun zauna a sabon ɗakinsu.

Yanzu ga ka'idar gidanmu. Kowace safiya a ɗora babur a kan ƙafa biyu a duba mai. Kowane kilomita 1,000 a juye; abin da yake sha bai wuce kimanin lita 1 ba. A wanke soso da kananzir, a shanya, a ɗiga masa mai kaɗan a matse. Da hunturu, duk mako biyu. Ɗana ne mai riƙe littafin da ake rubuta ranakun, uwarsa ce kuma mai ware kuɗin man daga cefane.

Na ga irin wannan a aji. Yaron da ya faɗi jarrabawa a aji shida, tun a aji biyu ya fara faɗuwa, sa'ad da ba wanda ya buɗe littafinsa a gida. Aure ma haka ne, bangaskiya ma haka. Addu'ar iyali ta minti goma, da kalmar "yi haƙuri" kafin a kwanta, su ne litar man gida. Ubangijinmu ya koya mana cewa a ƙananan abubuwa ake gane amintaccen bawa. Bari Allah ya ba mu idon ganin ƙaramin aiki tun yana ƙarami, da hannun yinsa a kan kari. Amin.