Hoton Sarauniya a Kasuwar Shanu

Kakana, Allah ya jiƙansa, dillali ne a kasuwar shanu ta Potiskum, bai kuwa taɓa zama a ajin boko ba. Amma a ƙasan adakarsa akwai wani shafin jarida da ya tsufa har ya yi ja, mai ɗauke da hoton hawan dabar da aka yi wa Sarauniyar Ingila, Elizabeth ta Biyu, a Kaduna cikin watan Fabrairu na 1956.

A zamanin nan Potiskum tana cikin Lardin Barno, rediyo kuwa sai gidan wane da wane. Ya ce mini wani falke ne ya zo da jaridar. Ran kasuwa aka shimfiɗa ta bisa tabarma, Fulani da Bolawa da Karekare da Barebari suka yi mata zobe. Mai iya karatu ɗaya ne, amma hoto ba ya bukatar tafinta. Kafin la'asar labari ya bi shanu, ya nufi rugage da ƙauyukan da jarida ba ta taɓa leƙawa ba.

Ba jarida kaɗai ta yi wannan aiki ba. An buga atamfa da fuskar Sarauniya, gidan waya kuma ya fitar da kan sarki na musamman don tunawa da ziyarar. Watau duk wanda ya aika da wasiƙa, ko wadda ta ɗaura zane, ya zama sanƙira bai sani ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, Turawa sun buga hoton don a ga girman mulkinsu, amma kakana ya ce su dawaki suka tsaya kallo. Suna ta gardama a kan wane ingarma ya fi, wace rundunar sarki ta fi kwalliya. Baƙuwa aka nuna musu, su kuwa kansu suka gani. Bayan shekara huɗu, a 1960, Nijeriya ta sami mulkin kai.

Da ya rasu na buɗe adakar, na tarar gara ta riga ni. Laifina ne, gama na daɗe ina cewa gobe. Jama'a, wanda duk ke da irin wannan takarda a gida, ya fito da ita tun masu ba da labarinta suna raye.