Hasken Jiya Ba Ya Dawowa A Lokeshin

Duk mai kallon finafinan Hausa ya taɓa cin karo da wannan abu. Jarumi da jaruma suna hira a falo, fuskarta tas kamar farin wata, ana juya kyamara kan saurayin a dawo kanta sai ka ga ta yi duhu, inuwa ta koma ɗaya gefen. Nan take 'yan kallo za su ɗora wa mai kwalliya ko edita laifi. Alhali yawanci rabin sin ɗin ran Talata aka ɗauka, rabin kuma sai ran Alhamis, kuma ba wanda ya tuna yadda aka kafa fitilu.

Akwai wani matashi ɗan Sabon Birni ta ƙasar Gwarzo da wannan matsala ta daɗe tana ci masa tuwo a ƙwarya, domin haska fim ce sana'arsa. Ya faro ne ranar da 'yan fim suka je ɗaukar waƙa a bakin dam ɗin Challawa da ke Karaye, aka ba shi riƙon allon nan mai sheƙi da ake tare rana da shi a mayar kan fuskar 'yan wasa. Daga nan ya bi su Kano, ya yi ta jan waya, har ya kai shi ke saita fitilu.

Ƙorafinsa ɗaya ne. Kowa a lokeshin yana da inda yake ajiye aikinsa. Mai kyamara yana da kati, mai kwantiniti yana da littafin da har kalar ɗankwali yake rubutawa. Shi kuwa da an kashe janareto shi ke nan, aikin ya bi iska. In darakta ya ce a dawo jibi a ƙarasa, sai dai ya yi alama da alli a ƙasa, masu gida kuma su share kafin gari ya waye. Fim ya fito da fuska biyu, furodusa ya nemi wani a aiki na gaba.

Wani abokinsa mai zane a kwamfuta ne ya nuna masa Unreal Engine, manhajar kamfanin Epic Games na Amurka, wadda da ita aka gina wasan Fortnite. Don wasannin bidiyo aka yi ta, tun 2015 kuma kyauta ake sauke ta. 'Yan fim sun rungume ta sosai bayan shirin The Mandalorian na 2019, inda aka kewaye 'yan wasa da katangar allunan talabijin tana nuna hamada da sararin sama, hasken katangar yana sauka a jikinsu kamar da gaske.

Amma shi ba katangar ce ta tsaya masa a rai ba. Fitilun dandamali na zamani suna da wani yare da suke ji, sunansa DMX, wanda masu harkar wasan kwaikwayo a Amurka suka tsara a 1986. Waya ɗaya tana ɗauke da layi 512, kowane layi lamba yake kaiwa daga 0 zuwa 255. In layin ƙarfin haske ne, 0 fitila a kashe, 255 ta kai maƙura. Wani layin na launi ne, wani na juya kan fitila. A 2020 Epic suka koya wa manhajarsu wannan yare. Sai ka gina falon a cikin kwamfuta, ka rataya fitilun da babu su a zahiri, ka jona akwatin sarrafa haske. Kana tura maɓalli sama, fitilar cikin allo tana ƙara haske. Ka danna naɗa, ta kwashe duk motsin hannunka daƙiƙa bayan daƙiƙa, ta jera shi kamar yadda edita ke jera hotuna. Gobe ka kunna ya dawo daidai, har ma ta iya aika lambobin ga fitilun gaske su maimaita.

Abin bai yi masa wuyar ganewa ba, don ya sha zama a situdiyon waƙa. Fiyano ma ai haka take riƙe maɓallan da makaɗi ya taɓa, ta sake buga su ba kuskure. To, in makaɗin bai iya ba, shirmen nasa za ta maimaita tiryan-tiryan.

Sai dai fa da sauran rina a kaba. Fitilun da yake aiki da su irin masu zafin nan ne da ake cusa wa waya kai tsaye, ba su jin DMX ko kaɗan. Kwamfutar da za ta ja wannan manhaja ba ta wasa ba ce, ga batun wuta. Ranar bakin Challawa kuwa ba mai ba ta lamba. Manhajar ma ba za ta san inda ƙafar fitila ta tsaya a falon mutane ba sai an gaya mata.

Wannan na ƙarshen shi ya kama. Ya sayi tef irin na tela da ɗan littafi. Kafin a tashi daga kowane sin sai ya auna daga fitila zuwa kujerar jaruma, ya auna tsayinta daga ƙasa, ya rubuta, ya ɗauki hoto da waya. Daraktan da yake bi yakan ce, "Malam, ɗinki za ka yi mana ne?" Sai ya yi dariya ya ce, "Oga, minti biyu." Ran Juma'a yake kai wa abokin nasa littafin, su zauna su shigar da awon cikin kwamfuta, falo bayan falo.