In Mota Ta Mutu a Hanya

Na san wata za ta ce me ya haɗa marubuciyar labaran soyayya da zancen inji? Hanya ce ta haɗa mu. Duk wadda take da dangi a Birnin Tsaba, ko take bin titin Ƙaura zuwa Zurmi, ko na Shinkafi ranar Alhamis ta kasuwa, ta san a shekarun nan na 'yan bindiga ba mai son mota ta tsaya masa a daji ko na minti goma. Kuma mu ne a kujerar baya, da goyo, da tsohuwa, wani lokacin har da mai naƙuda.

'Yar uwa, mota ba ta mutuwa ba sallama. Yadda ta mutu shi ke faɗin inda ciwon yake, kuma ke da ba kya riƙe da sitiyari kin fi kowa damar saurare.

In kika ji tana shaƙewa, tana fizga kamar mai tari, direba na taka totur tana ƙin amsawa, sannan ta lallaɓa ta mutu, to galibi zancen mai ne. Ko ya ƙare, ko ba ya isa inji. Tsofaffin Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna kafireta gare su, datti kaɗan ya toshe ta sai bakanike ya kwance ya wanke ya hura. Su kuwa irin Golf da Corolla da suka cika tasha yanzu, famfon mansu a cikin tanki yake, man ne ma ke sanyaya shi. Tun da aka cire tallafin fetur ran 29 ga Mayu 2023, magidanta da yawa suka koma shan mai kaɗan-kaɗan, kullum allura a ƙasa. Haka famfon zai yi ta zafi yana zuƙo dattin gindin tanki har ya toshe matacin mai. Ga kuma man galan na bakin titi. Ruwa ya fi fetur nauyi, in an gauraya su sai ya kwanta a ƙasa, daidai inda famfo ke sha. Kai, ko na gidan mai ba a rantsuwa a kansa, don a Fabrairun 2022 an shigo da gurɓataccen fetur ƙasar nan, motoci suka yi ta lalacewa a Legas da Abuja.

Gwajin ba wuya. A yi shiru, a murɗa makulli rabi ba tare da an tada inji ba. In famfo na da rai za ki ji wani ɗan zuuu daga wajen kujerar baya, kamar daƙiƙa biyu. In tsit ne, ko famfon ne ko fis ɗinsa.

In kuwa ɗif ta yi lokaci guda kamar an ɗauke wutar lantarki, to a nemi wajen wuta. Mun taɓa tasowa daga Ƙaura za mu suna, rana ta yi sanyi, muna faɗawa wani rami sai mota ta ɗauke. Direba ya fita yana zagin mai gidan man da ya sha. Na ce, "Malam direba, ai ba ta yi tari ba, har rediyon ma tare suka mutu. Duba kan batir mana." Ya harare ni ya ce, "Hajiya, mi ag gamin mace da inji?" Wata dattijuwa a gefena ta ce, "Ɗan nan, duba dai, dare na yi." Ya ɗaga bonet, sai ga kan batir ya yi farin gari yana lilo. Ya kankare, ya ɗaure, muka kama hanya. Har muka sauka bai ƙara ce mini uffan ba, ni ma ban nema ba.

Akwai wadda sai ta ɗau zafi take mutuwa, a jira ta huce ta tashi lafiya lau, can gaba ta sake. Wannan ita ke yaudarar maigida ya ce ai ta warke. Ba ta warke ba. Sau da yawa kwayil ne ko wata 'yar na'urar da ke lura da juyin inji, a kai ta a sa mata kwamfuta. In kuma jar fitila mai hoton batir ta kama ana tafiya, fitilun gaba na dusashewa, batir ba ya samun caji, a duba fanbel ko ya tsinke.

Biyu ne ba a musu gardama. In allurar zafi ta haye ja, a tsaya, kuma kar kowa ya buɗe murfin lagireto sai ta huce, tafasasshen ruwan zai iya saɓule fuskar mutum. In kuwa jar fitilar baƙin mai ce ta kama, mai hoton 'yar buta, kar a sake tada ta sai an duba man, in ba haka ba inji ya buga.

Ke da kike tuƙi da kanki, ki sani da zarar inji ya mutu sitiyari zai yi tauri, birki ma taku ɗaya ko biyu ne da sauƙi, sauran sai da ƙarfi. Kar ki zare makulli tana tafiya, sitiyarin zai kulle. Ki kunna sigina biyu, ki gangara gefe da sauran gudun da ya rage.

Ni dai yanzu in za mu Birnin Tsaba, tun da dare nake tambayar maigida yaushe aka canja matacin mai, kuma allura ta kai rabi? Na sa a ajiye galan na ruwa, da sifana mai lamba 10 ta kan batir, da 'yan fis, da tocila. Sannan da hantsi muke tashi, don ko ta tsaya a samu masu wucewa.